Shekarar Toka: Yadda Sayyidina Umar Ya Ciyar Da Masu Yunwa

 

Ƴan'uwa masu karatu, a zaman da kwamitin ƙungiyar masallatanmu ya yi bayan an gama ɗaurin hatsi, an daɗe ana ja-in-ja a kan magana guda. Hatsin da jama'a suka kawo, a rabe shi duka yanzu, ko a ajiye wani abu don watannin wahala? Wani dattijonmu, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya ce rabon nan take shi ne addini, ajiya da rubuta sunayen mabukata kuwa dabarar ƙungiyoyin Turawa ce. An tashi ba a yanke ba. To, da tsohuwar zuma ake magani. Shi ya sa muka koma littattafan tarihi, muka ɗauko labarin yunwar da ta faɗa wa Madina a zamanin Sayyidina Umar bin Khaɗɗab, Allah Ya yarda da shi, don mu ga yadda su suka yi.

Shekara ta 18 ce bayan hijira, wato 639 miladiyya, shekara biyar ke nan da Umar ya karɓi halifanci. Wasu masu tarihi na cewa tun ƙarshen shekara ta 17 abin ya soma. Ruwa ya ɗauke a ƙasar Hijaz da kewayenta har wata tara. Ƙasa ta yi baƙi, iska na kwasar ƙura kamar an watsa toka. Toka a Larabci ramad ake ce mata, shi ya sa aka sa wa shekarar suna Amur Ramada. Ɗabari ya kawo cewa namun daji sun riƙa matsowa wurin mutane, kuma mutum zai yanka tunkiyarsa yana cikin yunwa, amma ya kasa cin naman saboda ƙyamar ramarta. Mutanen ƙauye sun ci ɓerayen daji, sun gasa fata, sun niƙa ƙashi. Wanda ya ji labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 a bakin kakanninsa, ko ya ga mata na tonon gidan tururuwa da jiƙon anza, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Da dabbobi suka ƙare, sai makiyayan Larabawa suka kwaso iyalansu suka nufo Madina ta kowace kusurwa, suka yada zango a gefen gari. Haka dai makiyayanmu suka yi a farin 1973 da 1974, lokacin da suka cika sansanin Lazare a bakin Yamai, wurin da yau ya zama unguwa. Yunwa ɗabi'arta ɗaya ce ko'ina. Da fari ta cinye dabba, sannan ta tada mutum daga garinsu, ta kai shi ƙofar birni yana miƙa hannu.

Ibn Sa'ad a cikin Ɗabaƙat ya kawo labarin dalla-dalla daga Aslam, yaron Umar, wanda da shi aka yi aikin. Abu na farko da Umar ya yi shi ne raba gefunan Madina ga mutane huɗu: Miswar bin Makhrama, da Abdurrahman bin Abdul Ƙari, da Abdullahi bin Utba bin Mas'ud, da Yazid ɗan ƴar'uwar Namir. Kowa da yankinsa, kowa ya san mutanen da ke hannunsa. Da yamma su taru wurin Umar, kowa ya faɗi abin da ya gani a yininsa.

Sai ƙidaya. Wani dare bayan an ci abinci Umar ya sa a ƙirga waɗanda suka ci a wurinsa. Aka ƙirga washegari, aka samu mutum 7,000. Bai tsaya nan ba. Ya ce a je a ƙirga iyalan da ba sa zuwa, da marasa lafiya, da ƙananan yara. Aka samu 40,000. Bayan ƴan kwanaki mutane suka ƙaru, aka sake ƙirgawa, masu zuwa sun kai 10,000, waɗanda ba sa zuwa 50,000. Ku dubi lissafin nan da kyau, jama'a. Duk mutum ɗaya da ya iya takowa wurin rabo, akwai biyar a bayansa da ba su iya zuwa ba. Da Umar ya tsaya ga waɗanda ya gani a gabansa, da ya ɗauka aiki ya yi kyau, alhali mafi yawan masu yunwar na kwance cikin bukkoki.

Masu dafuwa tun da asuba suke tashi. A manyan tukwane ake tafasa man zaitun har zafinsa ya fita, a gutsuttsura gurasa a zuba mata man. Marasa lafiya kuwa abinci mai laushi ake yi musu, irin kunu da talge, a kai musu har inda suke. Malik bin Aus ya ce mutanensa Banu Nasr gida ɗari suka zo, wanda ya je wurin Umar ya ci, wanda bai je ba a aika masa da gari da dabino wata-wata, kuma Umar ne ke bibiyar majinyatansu, shi ke aiko da likkafanin wanda ya cika. Abu Huraira ya ce ya gan shi da idonsa ɗauke da buhu biyu a baya da salkar mai a hannu, suna karɓa-karɓa shi da Aslam, har suka isa wurin wasu gidaje kamar ashirin na ƙabilar Muharib. Ya tuɓe mayafinsa ya dafa musu da kansa har suka ƙoshi, sannan ya sa aka kawo raƙuma aka kwaso su zuwa kusa da gari.

Akwai wani ɗan labari da muke son iyayenmu mata su ji. Umar ya wuce wata mata tana tuƙa tuwon gari, ya ga ba ta iya ba. Sarkin Musulmi guda, mai mulkin Sham da Iraƙi, ya karɓi muciya ya nuna mata. Ya riƙa gaya wa mata kada su zuba gari sai ruwa ya yi zafi, su riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan suna tuƙawa, don ya fi auki kuma ba ya gudaji. Ashe a shekarar yunwa har aukin tuwo aikin shugaba ne.

A kansa kuma fa? Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wata rana Umar na cin gurasa da man shanu, sai ya kira wani baƙauye su ci tare. Mutumin ya riƙa bin maiƙon akushi da loma yana suɗewa. Umar ya lura, ya tambaye shi, mutumin ya ce ya daɗe rabonsa da man shanu, ko ganin mai cinsa bai yi ba. Nan Umar ya ɗau alkawarin shi da man shanu sai jama'a sun samu ruwa sun farfaɗo. Ya koma gurasa da man zaitun, abin da cikinsa bai saba da shi ba. Cikin ya riƙa ƙugi, shi ko ya riƙa ƙwanƙwasa shi da yatsa yana gaya masa ya yi ta ƙuginsa, babu wani abu sai mutane sun rayu. Launin jikinsa ya sauya. Ya ga ɗansa ƙarami riƙe da kankana, ransa ya ɓaci, bai huce ba sai da aka gaya masa da ɗan tafin ƙwallon dabino yaron ya saye ta. Aslam ya ce su na kusa da shi sun riƙa cewa in Allah bai yaye farin nan ba, damuwar Musulmi za ta kashe Umar.

Dukiyar baitulmali ta Madina ba ta isa ba, don haka ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman agaji. Ɗabari ya ce Abu Ubaida bin Jarrah ne ya fara isowa daga Sham da raƙuma 4,000 ɗauke da cimaka. Umar ya sa shi ya raba a kewayen Madina, da ya gama ya ba shi dirhami 4,000 na wahalarsa, Abu Ubaida ya ce shi don Allah ya yi, sai da Umar ya matsa masa. A cikin shekarar nan ce kuma annobar Amwas ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal a Sham, wato masu aiko da agajin su ma suna cikin tasu jarrabawar. Ibn Sa'ad ya ce Mu'awiya ya aiko da raƙuma 3,000 na gari, gwamnan Kufa ya aiko da 2,000, Amru bin As ya aiko da 1,000 ta tudu da jiragen ruwa 20, haɗe da dubban barguna. Amru ne ya amsa wa Umar cewa zai turo ayarin da goshinsa na Madina wutsiyarsa na wurinsa. Ɗalibai su lura a nan: Ibn Kasir ya nuna cewa ba a ci Masar ba tukuna a shekara ta 18, don haka ko dai farin ya wuce wannan shekara, ko mai ruwaya ya haɗa labari biyu. Haka malamanmu suke, ba sa haɗiye ruwaya don ta yi daɗin ji.

Umar bai bari duk ayarin ya shigo Madina ba. Ya aika mutane su tare shi a hanya, su karkata shi zuwa ƙauyukan Najd da sauran wurare, a kai wa mutane har mazauninsu. Umarninsa shi ne a ba gida raƙumi da kayan da ke bayansa. Su yanka raƙumin su ci naman, su narke kitsen su ajiye, su yi takalma da fatar, buhunan da aka zubo gari su zama abin rufa. Ba abin da aka yar. Ya kuma faɗa a fili cewa in abin ya ƙi ƙarewa, kowane gida mai ɗan hali zai shigar masa da mutane daidai yawan mutanen gidan, don ɗan Adam ba ya mutuwa a kan rabin cikinsa.

Ta fannin hukunci ma ya duba halin da ake ciki. Ibn Sa'ad da Abu Ubaid mai Kitabul Amwal sun kawo cewa bai tura masu karɓar zakkar dabbobi ba a wannan shekara. Da aka samu ruwa, shekara mai bi ya sa aka karɓi ta shekara biyu, a raba ɗaya a wurin, a kawo masa ɗaya. Kada wani ya ɗauki wannan ya ce to bana damina ba ta yi kyau ba, ni ma na ɗage tawa. Wancan hukuncin shugaba ne, kuma jinkiri ne aka yi, ba a yafe ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil ma, wanda muke karantawa a zaurukanmu, mai karɓar zakka yana fita ko da shekarar fari ce, don a lokacin talaka ya fi bukata.

An kuma ruwaito cewa bai yanke hannun ɓarawo ba a shekarar yunwa, domin yunwa shubuha ce, haddi kuwa ana tunkuɗe shi da shubuha. Irin wannan fahimtar tasa ta fito a wata shari'a da ke cikin Muwaɗɗa. Bayin Haɗib sun sace taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Har Umar ya ba da umarnin haddi, sai ya gane ubangidansu na barinsu da yunwa. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce ko dirhami 400 ba ya sayarwa. Umar ya sa ubangidan ya biya 800. Masu ƴan aiki a gida da gona, da mu malamai masu almajirai, wallahi wannan shari'ar da mu take.

Duk da wannan aiki, Umar bai dogara ga dabararsa ba. Dare ya raba yana sallah yana roƙon kada Allah Ya halaka al'ummar Annabi a hannunsa. Daga baya ya fita da jama'a roƙon ruwa, ya yawaita istigfari, ya gabatar da Abbas baffan Manzon Allah ya yi addu'a, kamar yadda ya zo a Bukhari. Allah Ya saukar da ruwa. Da ƙasa ta yi kore, mutanen nan huɗu da aka ba yankuna su aka sa su mayar da kowa garinsu, da guzuri da abin hawa. Ba a bar su sun zama mabarata a birni ba.

Amma ga maganar da ba a cika faɗa a wa'azi ba. Aslam ya ce a ganinsa kashi biyu cikin uku na waɗanda suka yo gudun yunwar sun mutu. Malik bin Aus ya ce ya ga Umar ya sallaci gawa goma a lokaci guda. Wannan fa Umar ne, da adalcinsa, da ayarin Sham da Iraƙi a bayansa. Cimakar da ta iso bayan jiki ya riga ya lalace, ciwo ya shiga sansani, ba kowa take ceta ba. Iyayen da suka kai yara likita da tamowa a shekarar 2005 a nan jihar Maraɗi sun san haka.

Umar ya ɗauki darasin. Bayan an ci Masar, ya sa Amru bin As ya sake haƙa wata tsohuwar hanyar ruwa da ta cike, daga kogin Nilu kusa da Fusɗaɗ zuwa Ƙulzum a bakin Bahar Maliya. Aka sa mata suna Khaliju Amiril Muminin. Jirage suka riƙa ɗauko alkamar Masar zuwa Jar, tashar ruwan Madina, a ajiye a rumbuna, a ba mutane takardun shaida, kowa ya je ya karɓi rabonsa. Kun ji, rumbun ajiya da takardar rabo ba daga Turai suka zo ba. Kafin wannan ma, Bukhari ya kawo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ajiye wa iyalansa abincin shekara, ga kuma ƙissar Annabi Yusuf da kowane ɗan makarantar allo ya sani.

Inda aka samu rabo, ƴan kasuwa ba sa nisa. A Muwaɗɗa, Hakim bin Hizam ya sayi abincin da Umar ya ba da umarnin a raba wa mutane, ya sayar tun bai karɓa a hannu ba, Umar ya warware cinikin. A zamanin Marwan bin Hakam kuma mutane suka shiga cinikin takardun cimakar Jar a tsakaninsu, Zaidu bin Sabit da wani sahabi suka je suka yi masa magana, ya tura dogarai suka karɓe takardun suka mayar wa masu su. Sama da shekara ɗari bayan Umar, Halifa Mansur na Abbasiyawa ya sa aka toshe hanyar ruwan, masu tarihi sun ce don ya yanke wa Madina abinci saboda tawayen da aka yi masa a can. Hanyar da aka haƙa don ceton rai ta koma makami.

Mu ma tarihinmu ya ɗanɗani duka biyun. Sojojin da suka yi juyin mulki a watan Afrilun 1974, babbar hujjar da suka kafa ita ce cimakar taimako ba ta isa ga talakawa. A 1984 muna ƴan almajirai, fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har mutanenmu suka sa wa yunwar suna El Buhari. Mun tuna jar dawar taimako, mun tuna kuma gidajen da muka san akwai yunwa cikinsu amma ba mu taɓa ganin mai gidan a layin rabo ba. A 2005 kuwa hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Yau ga ƴan'uwanmu da tashin hankali ya koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, suna zaune a ƙauyukan Gidan Runji da kewaye, da yawansu a gidajen talakawa irinsu, waɗanda suka cika maganar Umar ta rabin ciki ba tare da sun taɓa jin ta ba.

To, mu dawo ga gardamar kwamiti. Dattijonmu yana da gaskiya a kan zakka. Wanda hatsinsa ya kai nisabi, wusuƙi biyar, wato sa'i 300, zai fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in ban-ruwa ne da wahala. A mazhabarmu ana raba ta ba da jinkiri ba, a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, sai in akwai waɗanda suka fi bukata a nesa. Wannan haƙƙin masu ita ne, ba ma taɓa shi, ba ma kulle shi a rumbu. Amma sadakar ganin dama da mai ita ya bayar da niyyar a ajiye, wannan babinta daban. Ita muke roƙo. Mai dami ya kawo dami, mai tiya ya kawo tiya, ɗan kasuwa ya sayi buhu yanzu da yake da araha. A ajiye har tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, manomi na sayar da akuyarsa ko yana cin bashin da zai biya ninki da kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan muna roƙon kowane masallacin unguwa ya fitar da mutum biyu amintattu, da mace ɗaya dattijuwa da za ta iya shiga gidaje, su rubuto mana gidajen zawarawa masu marayu, da tsofaffin da ba mai kula da su, da majinyata, da baƙin da suka yo gudun hijira, da magidancin da kunya ba za ta bar shi ya zo ƙofar masallaci ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sunayen nan amana ne, ba a karanta su a lasifika, ba a ɗaukar hoton kowa a sa a WhatsApp, kuma da dare za a riƙa kai musu. Mabuɗin rumbu ya zama biyu a hannun mutum biyu, abin da ya shiga da abin da ya fita a karanta wa jama'a ranar Juma'ar farko ta kowane wata. Mu limamai da ƴan kwamiti kuma, kada gidan ɗayanmu ya shiga jerin sai da sanin kowa.

Za a sake zama Juma'a mai zuwa bayan sallar la'asar, muna fatan dattijonmu zai zo, don muna son mabuɗi ɗaya ya zauna a hannunsa. Allah Ya yarda da Sayyidina Umar da sauran sahabbai, Ya jiƙan waɗanda yunwa ta ɗauke a cikinmu da cikinsu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Allah ne Mafi sani.